Ranar da Na Goyo Surukina daga Gwaram

Shekaranjiya da rana ina zaune a ƙofar shagon ɗana a Birnin Kudu, ina fifita da guntun kwali, sai ga wasu samari sun tsaya a bakin titi a kan kekuna. Kowa da hular kwano, kowa da ɗan matsattsen wandon da ko a ɗaka ba zan bar jikana ya sa ba. Suka sayi ruwan leda, suna sha suna kwara wa kansu. Na tambayi na kusa da ni daga ina, ya ce daga Kano, kuma ta Gwaram za su wuce.

Na ce, "Me za ku ɗauko a can?"

Ya ce, "Ba komai, Baba. Motsa jiki ne kawai."

Na yi dariya har sai da tari ya sarƙe ni. A wannan rana, a wannan zafi, mutum ya taka keke har Gwaram ba don ya ɗauko komai ba! Amma da suka tafi sai dariyar ta tsaya mini a wuya, domin bana ma ruwa ya yi jinkiri, sama fari fat, kuma zafin irin na waccan shekarar ne sak, wanda ke sa riga ta manne a baya tun hantsi.

A lokacin ina ƙauyenmu a ƙasar Kangire, ban daɗe da aure ba, matata Dije tana da cikin wannan mai shagon. Bazara ta yi tsawo, muka gaji da jira muka yi binne, wato muka zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa. Aka yi ɗan yayyafi, gero ya leƙo, sai sama ta ɗauke. Muna kallo ya murɗe ya ƙone. Aka sake wani ruwan, muka sake shuka da abin da ya rage, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Daga nan babu mai sauran iri a garin. Rumbuna kuwa tuni an share su har ƙasa. Tafasa da yaɗiya muke ci, ranar da aka samu garin rogo kuwa yara har rawa suke yi. Dije takan tashi tun asuba ta dama ɗan kunun dusa, ta ce ita ta riga ta sha nata, ni ma in yi kamar na yarda.

To, ran nan da yamma sai ga ruwa na gaskiya, irin wanda ke cika kududdufai. Mutane suka fito suna kallonsa, amma babu mai murna. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe danshi. Idan ba a shuka gobe ko jibi da sassafe ba, ruwan ya tafi a banza, kuma damina ta riga ta yi nisa, wanda bai shuka yanzu ba sai dai ya ɗaure kaya ya tafi cirani. Ga ruwa a ƙasa, ba abin zubawa.

Surukina Malam Idi, mahaifin Dije, shi ya ce yana da aboki a wani ƙauye bayan Gwaram, Malam Bello, wanda suka yi karatu tare, kuma mutum ne da ba ya rabuwa da damin iri, na gero mai saurin nuna. Sai dai iri a shekara irin wannan ba abin aike ba ne. Mai shi sai ya ga idon wanda ya sani. Dole tsohon ya je da ƙafarsa, ga shi ya haura sittin, ga yunwar watanni a jikinsa. Mota ranar kasuwa kawai take shigowa. Aka tara kekunan garin, masu lafiya da masu tari, aka ce da asuba za a tashi.

Sai na faɗi yadda muke da surukin nan nawa, don yaran yanzu da ke zama kujera ɗaya da surukansu suna kallon ƙwallo ba za su gane ba. Dije 'yar fari ce, saboda haka ko sunanta bai taɓa faɗa ba, balle nawa. In zai yi maganata sai ya ce "wannan yaron". Ni kuwa in na hango shi tafe sai in cire takalmi in durƙusa a gefen hanya, idona a ƙasa. Ban taɓa cin ko gyaɗa ɗaya a gabansa ba, ban taɓa kurɓar ruwa yana gani ba, shi ma haka. Ba wanda ya koya mana, haka muka tashi muka tarar, kuma har ga Allah ina son mutumin.

Bayan sallar asuba muka ɗauki hanya, mu kamar bakwai. Dije ta ɗaura mini gorar ruwa a kan keke, ta riƙe hannuna ta ce a hankali, "Ka kula da shi." Ba ta faɗi ko wane ne ba. Abokina Sule, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a jana'iza, ya dube mu ya ce, "Yau dai za mu ga yadda za a yi. Kai ba ka wuce shi, shi ba ya waiwayo. Allah Ya sa kada mu kwana a hanya saboda kunya."

Farkon tafiyar da daɗi. Ƙasa ta jiƙe, taya na kamawa, ƙamshin ruwa ko'ina. Muka bar titi muka yanke ta daji don rage nisa. Amma da hantsi ya ɗaga sai ƙasar ta fara tururi, zafi na tasowa daga ƙasa yana saukowa daga sama, ko ganye ba ya motsi. Can gaba kuma muka fita daga inda ruwa ya sauka, muka shiga yashi busasshe wanda ke haɗiye taya. A hau, a sauka, a tura, a sake hawa. Duk gonar da muka wuce, ramukan shuka ne a jere babu komai a cikinsu. In an tsaya shan ruwa, ni in zagaya bayan wata bishiya, Sule kuma ya kai wa tsohon nasa can gefe. Haka muka yi ta yi, Sule ne tsakaninmu.

Rana ta kusa tsaka muka ratsa Gwaram muka isa ƙauyen. Malam Bello ya rungume abokinsa, ya dubi fuskokinmu, bai ma bari an gama bayani ba ya sa aka hau rumbu. Sai dai irin a zangarniya yake, sai an sussuka an sheƙe. Matan gidan da na maƙwabta suka fito da turame, mu kuma muna zaune muna kallon inuwa tana gajarta, kowane bugun taɓarya ina jin sa a ƙirjina. Aka kawo ɗan tuwo a akushi ɗaya cikin zaure, don su ma ba wadatar ce da su ba. Na miƙe na fita waje na zauna a gindin katanga. Jim kaɗan Sule ya fito da loma uku a murfin kwano ya ce, "Ungo. Surukinka wai ya ƙoshi." Na cinye, yunwa ba ta bar ni na yi tunanin daga bakin wa aka cire ba.

Sai bayan azahar aka gama. Kowa ya ɗaure rabonsa, na gidansa da na maƙwabtan da ba su da keke. Namu da na surukina aka haɗa a buhu ɗaya aka ɗaura a kariyar kekena. Malam Bello ya ce mu bari rana ta yi sanyi. Surukina ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Ƙasar can ba za ta jira mu ba."

Ban taɓa shiga rana irin ta komowar nan ba. Ƙarfen keke ba ya taɓuwa. Gumi na shiga ido yana yaji, harshe ya yi kauri a baki, Sule ma ya yi shiru. Muna tsakiyar dajin nan mai yashi, nesa da kowane gari, sai na ji fus! Tayar bayan surukina ta taka ƙaya. Aka tsaya, aka ciro robar ciki, duk jikinta faci ne a kan faci, sholishon liƙa faci da muka zo da shi kuma zafi ya busar da shi a gwangwani.

Tsohon ya ce wa sauran, "Ku tafi. Gidaje da yawa na jiran abin da ke bayanku. Muna nan tafe."

Sule ya ce, "Baba Idi, bari ni in tsaya, shi ya wuce da buhun."

Ni na girgiza masa kai. Da wane ido zan shiga gida in ce wa Dije na baro mahaifinta a daji? Sule ya dube ni, ya dubi gorar da ke kan kekena. Suka hau suka tafi, muna ganin ƙurarsu har ta ɓace. Dukanmu mun ɗauka abin na ɗan lokaci ne.

Na tsinko busasshiyar ciyawa na cusa a tayar har ta yi tauri, yadda ake yi in babu faci. Na miƙa masa kekena da hannu biyu, ya ƙi karɓa, ya hau nasa. Keke mai cushen ciyawa a cikin yashi, ko saurayi sai ya yi kuka. Yana gaba ina baya, ina kallon rigarsa ta jiƙe, daga baya kuma na ga ta bushe. Wannan ya tsorata ni, don mutum in ya daina gumi a irin wannan rana, ba lafiya ba.

Gorarsa ta ƙare tun kafin tayar ta fashe, saura tawa, ita ma rabi. Da muka tsaya a wata inuwa na kwance ta na ajiye kusa da ƙafarsa, na tafi can nesa kamar zan kama ruwa, na juya baya na daɗe. Da na dawo na ɗaga gorar, nauyinta na nan yadda na bar shi. Ya taso shi ma ya yi nisa, ya tsaya yana duban daji, ya ba ni baya. Na gane nufinsa. Na riƙe gorar, maƙogwarona kamar an zuba toka, amma yaya zan sha abin da tsoho ya bar mini? Na mayar na ɗaure. Sau biyu muna wannan wasa. Mutum biyu masu hankali, ƙishirwa na neman kashe su, ga ruwa yana ƙara a tsakaninsu, kowa na jiran ɗan'uwansa.

Wajen la'asar, kusa da wata babbar tsamiya, na ga kekensa ya fara tangaɗi. Kafin in sauka ya kife. Na yar da nawa na ruga. Idanunsa sun juye, leɓɓansa sun tsage, jikinsa zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Na ce, "Baba! Baba!" Shiru. Na duba gabas na duba yamma, babu mutum, babu ko akuya. Na yi ihu, muryata ma ba ta fita ba. Wallahi a wurin nan na yi kuka, kukan da babu hawaye, ina ta cewa ya Allah kada Ka sa in kai wa Dije gawa.

Na ja shi inuwa, na ɗora kansa a cinyata, kan da ban taɓa yi wa kallo biyu ba. Na buɗe bakinsa da yatsana na ɗiga ruwa. Ya zubo ta gefe. Na sake. Na jiƙa bakin rawaninsa na shafa masa a wuya da ƙirji. Can sai maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiya. Na yi ta ba shi kaɗan-kaɗan har ya buɗe ido. Ya dube ni, na dube shi, ranar na fara sanin cewa akwai ɗan tabo a girarsa ta hagu.

Ya tura gorar da bayan hannu, ya ce da wata murya kamar ta mai raɗa, "Sha."

Na sha, a gabansa, yana kallo. Kurɓa biyu ce ta rage.

Ya ce, "Ɗauki irin ka tafi. Ka bar ni nan, gobe a zo."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri."

"Na ce ka tafi. Danshi zai wuce."

"Ku yi haƙuri, Baba."

Iyakar gardamar da na taɓa yi da shi ke nan a duniya. Na jingine kekensa a jikin tsamiyar. Na kwantar da buhun a kan kariya na sake ɗaurewa, na ɗaga tsohon na zaunar da shi a kai, ya raba ƙafafu. Bai fi nauyin yaro ba. Na warware rawaninsa na ɗaure shi a bayana, kamar yadda mace ke goyo, na taka.

Abin da na sani na sauran tafiyar kaɗan ne. Na san kansa yana bugun kafaɗata. Na san cinyoyina sun daina zafi sun koma kamar ba nawa ba. Na san in na tsaya ba zan iya sake tashi ba, saboda haka ko a yashi ban sauka ba, sai in miƙe a kan feda da shi a bayana in danna, ina kiran sunan Allah da kowane taki. Ina jin wani ɗan sauti a baya, shuu, shuu, kamar taya na gogar wani abu, na ce a raina ko me ne ne sai mun isa. Bayan mun haura wani busasshen rafi na ji tsohon ya motsa, ya karkata gefen dama, nauyinsa ya koma can. Na yi zaton suma zai sake yi, na ƙara ƙarfi. Muka shiga ƙasar da ruwa ya sauka, na ga samanta har ya fara yin fari.

Ana kiran magariba muka shiga gari. Sule da wasu sun fito da niyyar komawa nemanmu. Suka tare keken, suka kwance rawanin, ni na zube a ƙasa. Da suka zo sauke tsohon sai ya ƙi saukuwa. Hannunsa na dama yana can ƙasa, ya damƙe kusurwar buhun. Sule ya sunkuya ya duba, sai na ji ya ce, "Innalillahi."

Ashe da na sake ɗaurin, kusurwar buhun ta zazzago tana gogar taya, har ta huje. Irin yana ta tsiyaya tun daga tsamiya. Tsohon da ya farfaɗo ya ji buhu na raguwa a ƙarƙashinsa, sai ya laluba ya samu ramin, ya tattara bakin ya damƙe, ya ɗaga shi daga kan tayar. Tayar kuwa ta koma cin bayan hannunsa. Fatar yatsunsa huɗu ta tafi, jini ya bushe ya haɗa hannun da buhun, yatsun sun ƙage. Sai da aka kawo ruwan ɗumi aka jiƙa, aka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Da aka ɗaga buhun, abin da ke ciki bai kai rabi ba.

Washegari tun duhu-duhu muka fita. Ina sara da sungumi ina jan ƙafa, Dije da cikinta tana bina tana zuba iri tana rufewa da diddige, tana ƙirga ƙwayoyin da yatsa don kada ta wuce. Muka raba shi gona biyu, kowacce rabinta ta samu. Danshin ya rage kamar faɗin tafin hannu a ƙasa. Tsohon yana kwance a gida da zazzaɓi, hannu a naɗe da tsumma. Matarsa, Inna, ta tambaye shi me ya hana shi cewa in tsaya a gyara ɗaurin. Dije ce ta kawo mini amsar, tana dariya tana share hawaye. Wai ya ce, "In ya tsaya ba zai tashi ba. Kuma da wane suna zan kira shi?"

Da ya warke muka koma yadda muke. In na hango shi in cire takalmi, shi kuma ya kau da kai ya amsa gaisuwa. Har ya bar duniya bai ambaci ranar ba, ni ma ban ambata ba, yatsun nan kuwa ba su ƙara miƙewa sosai ba. Geron ya yi. Bai cika rumbu ba, amma da shi aka yi wa Dije kunun jego, kuma ba mu tafi cirani ba.

Kekensa wani makiyayi ne ya tsinta ya ajiye, sai da ruwa ya zauna sosai muka samu sukunin zuwa karɓowa, ni da Sule. A komowa muka biyo ta tsamiyar. Sule ne ya fara gani, ya ja birki ya nuna mini ƙasa. Daga gindin bishiyar, a gefen dama na hanya, ga gero ya tsiro siriri a layi ɗaya, abin da tsuntsaye suka bari, yana bin duk inda kekena ya karkata. Muka sauka muka bi shi a ƙafa. Ya gangara cikin rafin, ya haura, ya ɗan ƙara gaba kaɗan, sai ya tsaya cak.

Na ɗaga kai na dubi hanyar da ta rage zuwa gida. Ko rabi ba mu yi ba. Muka hau muka taka, ina duban gefen dama har ƙofar gidanmu, ban ga ko tsiro ɗaya ba.